Babur ɗin Baba Mutum Biyu Yake Ɗauka

Shekara bakwai ke nan da muka binne mahaifina, Malam Iliya, a Birnin Kebbi. Da damina ya rasu, bayan jinyar da ba ta daɗe ba. Yawancin waɗanda suka san shi, malamin gona suka sani: mutumin Filato da aikin gwamnati ya kawo ƙasar nan tun yana saurayi, ya bi fadamun gulbin Rima yana nuna wa manoma yadda ake dashen shinkafa a layi, har ya yi ritaya bai koma gida ba. Kaɗan ne suka san ɗaya aikin nasa. Kafin ya shiga harkar gona ya yi makarantar horar da ma'aikatan coci, a can ya koyi Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, bai kuwa yarda ya bar shi ya yi tsatsa ba. Yana koyar da shi kyauta a barandar gidanmu da ke Badariya da yammacin Alhamis. Ranar Asabar kuma ya hau babur ya nufi Argungu, inda wani ƙaramin aji yake jiransa.

Duk mai rubuta irin wannan waiwaye yakan ce kewa ce ta sa shi ɗaukar alƙalami. Ni ma ina kewarsa. Amma idan na zauna ina tuna Baba, kishi ne yake riga kewar tasowa, kuma na san sunan wanda nake kishi da shi. Ishaku ne. Yana nan da ransa da lafiyarsa, yana sayar da kayan wutar lantarki a unguwar Nasarawa, kuma bai taɓa yi mini laifin komai ba. Da ya yi mini laifi, da abin ya zo da sauƙi.

Baba yana da ƙa'ida biyu a ajinsa, ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kansu. Ta farko, ba mai karatu shi kaɗai. Duk wanda ya zo sai ya haɗa shi da abokin zama, ɗaya yana karantawa, ɗaya yana saurare, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ta biyu ita ce ta zame mini katanga: ba ya karɓar amsa a rubuce. Sai mutum ya miƙe tsaye ya faɗa da bakinsa, yadda na ƙarshen baranda zai ji. Hujjarsa ita ce, mutanen farko da waɗannan rubuce-rubuce suka isa gare su ba da ido suka karɓe su ba. Wani ne yakan tashi a cikin taro ya karanta, saura su kasa kunne. Saboda haka a wurin Baba, abin da bai fito daga bakinka ba, ba ka san shi ba tukuna.

Ni kuwa albasa ce da ba ta yi halin ruwa ba. Baba mutum ne da zai tsaya sayen tumatir ya dawo da tarihin kakannin mai tumatir. Ni idan baƙo ya gaishe ni, ƙasa nake kallo. A ɗaki na koyi baƙaƙen Helenanci, ni kaɗai, daga tsofaffin littattafansa da gara ta ɗanɗana gefensu. Kafin in gama sakandare na haddace yadda sunaye suke sauya ƙarshensu, na san inda kowace alama take zama a kan wasali. Da na fara zama a baranda tare da manya, Baba ya haɗa ni da Ishaku, wanda ya girme ni da 'yan shekaru, mai muryar da ta saba da kiran ciniki. Ishaku ba ya iya riƙe ƙarshen kalma daga wannan mako zuwa wancan. Amma idan ya tashi yana karatu, ko da kuskure a kowane layi, sai ka ga mai tallan gyaɗa ta tsaya a bakin ƙofa tana saurare.

Ranar da abin ya fara, darasin ƙidaya muke yi. Baba yana son lambobin Helenanci, yakan ce suna da hali kamar mutane. Ɗaya ya fi kowa iyayi, riga uku gare shi: heis ga namiji, mia ga mace, hen ga abin da ba namiji ba ne ba mace ba. Uku da huɗu su ma suna sauya kaya gwargwadon wanda suka raka. Daga biyar zuwa ɗari kuwa, kowace ta kafe a siffa ɗaya, ba ruwanta da kowa. Biyu ce a tsakani. Sunanta duo, kuma haka take zama ko maza ake ƙirgawa ko mata, ko su ne suka yi aikin ko a kansu aka yi. Sai Baba ya tambaya, shin akwai inda duo take sauya riga?

Ni na sani. Wuri ɗaya ne tak: idan ana nufin an yi wa mutum biyu abu, ko an ba su, sai ta koma dusi, wani lokaci da ƙarin harafi a ƙarshe, dusin. Amsar tana kan harshena, amma ban miƙe ba. Na sunkuya na raɗa wa Ishaku. Ya miƙe ya faɗe ta da ƙarfi kamar shi ya haife ta, sannan, domin shi ba maƙaryaci ba ne, ya ƙara da cewa, "Rahila ce ta gaya mini, Baba Malam."

Baba bai ko dube ni ba. Ya ce, "Ni dai kai na ji."

Daga nan ya shiga bayanin abin da ya fi so game da wannan kalma. Akwai inda aka maimaita ta a Sabon Alkawari, duo duo, ana nufin biyu-biyu, daidai yadda Bahaushe yake faɗa. Ya ce masana suna gardama, wasu sun ce daga harshen Yahudawa salon ya shigo, wasu sun ce maganar kasuwa ce ta Helenawa da kansu, amma shi abin da ya sani, mutumin Kabi ba ya bukatar a fassara masa. Da zai tashi ajin sai ya ce gwiwarsa ta fara damunsa, yana son wanda zai riƙa raka shi Argungu, ya taya shi karatu a gaban ajin can. Ya ce Ishaku ya shirya ranar Asabar.

Babur mutum biyu yake ɗauka. Wurin zama ɗaya ne a bayan Baba, kuma wannan wurin nake so tun ina ƙarama, tun ban san me ake yi a Argungu ba. Da farko Baba ne yake tuƙi, Ishaku a baya da jakar littattafai. Da idonsa ya fara rauni sai suka sauya. Hoton da ya fi zama a raina daga waɗannan shekaru shi ne na Baba a bayan babur ɗinsa, ya damƙe rigar Ishaku da hannu biyu, suna fita daga layinmu suna dariyar wani abin da ban ji ba. Ni ce nake goge ƙurar littattafan idan sun dawo. Ni ce kuma Ishaku yake zuwa wurina ranar Juma'a in bi masa nassin da zai karanta, in gyara masa inda zai yi tuntuɓe. Ban taɓa ƙin gyara masa ba, ban kuma taɓa gyara masa ba daidai ba. An ce hassada ga mai rabo taki ce, ni kuwa har ban-ruwa nake yi.

Da daddawa da barkono ake jin daɗin miya, da labarin Argungu muke cin tuwon Asabar. Yawancin labarin na Alhaji Umaru ne, wani manomin shinkafa da albasa da suka yi abota da Baba tun zamanin aikin gona. Kafin aji Baba yakan biya ta fadamarsa, su zauna a gindin mangwaro. Alhaji ya yi karatun nahawu a zaure, saboda haka suna da abin tsokanar juna. Baba ya taɓa gaya masa cewa tsohon Helenanci yana da siffa ta musamman ga abu biyu, kamar musanna a Larabci, amma kafin zamanin Sabon Alkawari ta ɓace. Alhaji ya ce ai ga bambancin nan, Larabawa sun iya ajiya, har sun ara wa Hausa metan, wato ɗari biyu, su kuwa Helenawan Malam sun yar da nasu a hanya. Baba ya kawo wannan labari gida yana dariya har da hawaye, Ishaku yana cika masa inda ya manta. Ni kaɗai a wurin na fahimci zancen tun daga tushensa, ni kaɗai kuma ban ji shi daga bakin mai shi ba.

Sau ɗaya Mama ta yi masa magana, ba da roƙona ba, labarin zuciya ta tambayi fuska. Ta ce yarinyar nan ta fi kowa ƙoƙari, me zai hana ya je da ita ko sau ɗaya ne. Baba ya ce ranar da na tashi tsaye na karanta a baranda, Asabar ɗin da ta biyo baya ni ce a kan babur. Bai faɗa da fushi ba. Har yau ina gardama da shi a zuci kan wannan. Wani lokaci in ce gaskiyarsa, malami ba ya karya ƙa'ida saboda 'yarsa. Wani lokaci in ce, wanda ya san halin kowace irin shinkafa, wadda take son ruwa da wadda ba ta so, ya kasa gane cewa ba kowane yaro ne ake shukawa a fili ba? Na yi ta cewa mako mai zuwa zan tashi. Ana haka damina ta zo, Baba ya kwanta, bai sake tashi ba.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Injinan ban-ruwa masu aiki da hasken rana da suka fara yawa a fadama za su faranta masa rai, na tabbata zai tsaya ya yi wa mai su tambayoyi har ya gaji. Wayoyin hannu kuwa ban sani ba. Yanzu ina karatu a wata makarantar tauhidi, inda 'yan ajinmu suke kiran Helenanci da suna Girkanci, kuma kowa yana da manhaja a waya. Ka taɓa kalma da yatsa, ta gaya maka jinsinta da matsayinta da asalinta. Ka taɓa dusin, kafin ka ƙifta ido ta ce maka daga duo take. Abin da na ɓata ƙuruciyata ina haddacewa a ɗaki, yau yaron da ya fara jiya yana da shi a aljihu. Ina jin Baba zai karɓi wayar ya jujjuya, ya yaba wa wanda ya ƙera ta, sannan ya ce wa mai ita ya ajiye ya tashi ya karanta. Wannan tunani ba ya sanyaya mini rai. Abin da nake da shi waya ta kwaikwaya. Abin da Ishaku yake da shi, har yanzu sai an je wurin Ishaku.

Shi ya ci gaba da ajin Argungu bayan rasuwar. Ba wanda ya naɗa shi, ba kuma wanda ya yi mamaki. Kowace shekara idan lokacin ya zagayo, 'yan ajin sukan yi addu'ar tunawa da Baba, su gayyaci iyalinsa, ni kuma kowace shekara ina da jarrabawa ko ciwon kai. Bana Mama ta ce ƙafafunta ba za su kai ta ba, kuma abin kunya ne a ce ba kowa daga gidan. Ishaku ya ce zai biyo ya ɗauke ni, yanzu yana da 'yar mota, babur ɗin ya daɗe da mutuwa. Na ce masa ina da abin yi da safe. Na je tasha na shiga motar haya.

Tafiyar ba ta da nisa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Gonaki kore shar a dama da hagu, shanu, mata da ƙwaryar nono, sai ga mu a Argungu. Wannan ce hanyar da na mayar kamar ta Makka ko Urushalima a raina. Ishaku ya tare ni ya ce kafin aji sai mun gaida Alhaji Umaru, haka Baba yake yi, shi ma bai daina ba.

Mun same shi a bakin fadama, tsoho siriri mai farin gemu, yana duba masu cire ciyawa. Da ya hango Ishaku fuskarsa ta washe, ya kira shi ɗan Malam, ya tambayi iyali da kasuwa. Sannan ya dube ni ya ce, "Wagga hwa? Ƙanwarka ta?"

Ishaku ya ce ai ni ce 'yar Baba Malam ta cikinsa, Rahila, kuma na fi shi Helenanci nesa ba kusa ba. Alhaji ya riƙe baki. Ya yi mini ta'aziyya kamar jiya aka yi rasuwar, ya sa mini albarka, ya ce ya san Malam yana da ɗiya amma bai taɓa ganina ba, shi duk zatonsa a Filato nake. Ya ce in gafarce shi, shekaru da yawa yana ganin wanga yaro da Malam kamar tsintsiya da ɗaurinta, har wasu a garin suna ɗauka ɗansa ne. Na durƙusa na amsa gaisuwa yadda ya kamata. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

A kan hanyarmu ta zuwa coci na yi abin da ban taɓa yi ba, na tambayi Ishaku kai tsaye. Na ce, "Yaya Ishaku, duk tafiyar nan da kuka yi, Baba ya taɓa yin maganata?"

Ya yi tunani da gaske. Wani zai ƙirƙiro mini abin da nake son ji, shi ba zai iya ba. Ya ce a kan babur iska ba ta barin a yi dogon zance, kuma yawanci maganar shinkafa ce da ramukan hanya. Can sai fuskarsa ta yi haske, ya ce ya tuna: duk dawowa sai Baba ya sa an tsaya wurin masu banda, ya ce a zaɓo mai tsoka, Rahila ba ta son mai ƙaya.

Kifi. Na tuna kifin, na ci shi shekara da shekaru ban san da sunana ake sayensa ba. Na san ya kamata wannan ya ishe ni, kuma duk 'yar da aka gaya wa haka za ta yi kukan daɗi. Ni ma idona ya kawo ruwa. Amma a ƙarƙashin hawayen wani abu yana tafasa. Ban taɓa shakkar cewa ni 'yarsa ce ba. Ɗalibarsa nake so in zama, kuma a wannan hanya, a bakinsa, ni mai cin kifi ce, Ishaku ne mai karatu.

Ajin a wani ɗaki yake a gefen coci, benci kaɗan da allo. Akwai ma'aikatan coci, da wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ake kira Mama Saratu, da 'yan samari. Biyu-biyu suke zaune, ba wanda ya ce su yi haka. Bayan addu'a Ishaku ya tsaya a gaba, ya gyara murya, ya ƙwanƙwasa tebur da bayan yatsa. Haka Baba yake yi, har yadda yake karkatar da kai. Ya buɗe inda suka tsaya makon jiya, ya ce wa zai fara.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ba ƙarfin hali ba ne, kada mai karatu ya yaba mini. Na dai ji ba zan iya zama in saurari muryar mahaifina tana fita daga bakin wani, ni ina benci kamar baƙuwa ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na karɓi littafin daga hannunsa, na fara. Ban kai ƙarshen layi ba Mama Saratu ta ce daga baya, "Ƙara murya, 'yata, mu nan ba mu ji."

Na koma farko na ƙara. Muryar da ta fito ban san ta ba, siririya ce, tana karyewa. A tsakiya harshena ya harɗe a kan wata kalmar da na sani tun ina sakandare, na faɗe ta ba daidai ba. Ishaku bai tsayar da ni ba. Ko bai lura ba ne, alhali shi ne malamin ajin, ko ya lura ya ji tausayina. Har yau ban san wanne ya fi ƙona mini rai ba. Na kai ƙarshen sashen na tsaya.

Idan na auna abin da ya rage na Malam Iliya bayan shekara bakwai, ba a inda na zata yake ba. Littattafansa suna ɗakina, ina kula da su, amma littafi na duk wanda ya buɗe shi ne. A fadama shinkafa tana tsaye a layi, yaran da suke dasa ta ba su san wanda ya fara ja musu igiya ba, kuma ba na jin hakan zai dame shi. A wancan ɗaki mutane suna zama biyu-biyu suna tashi tsaye su karanta, ko da ba ya nan. Muryarsa kuwa, da tsokanarsa, da abokansa, da hanyar Argungu, duk suna hannun wanda ya zauna kusa da shi lokacin da ake rabo. Ni ina ɗaki ina haddace ƙarshen kalmomi. Ba zan ce kishin ya tafi ba, ba na kuma son in yi wa mamaci ƙarya a shafin jarida.

Da na gama karatun ranar nan, na ɗago kai daga littafin. Ishaku ya gyaɗa kai a hankali ya ce, "Madalla." Ya ja tsakiyar kalmar, ya sauke ƙarshenta ƙasa, daidai yadda Baba yake faɗa wa wanda ya gamsar da shi. Kalmar da na yi shekaru ina jira ke nan, ta zo da muryar da nake so, daga bakin da ba shi nake so ba. Na karɓa, domin babu sauran inda zan same ta a duniya. Na miƙa masa littafin na zauna. Ban ce masa na gode ba.